Sandar fatsata ta dawo daga gyara amma jifanta ya canza

Mai tambaya: Salama alaikum jama'a. Ina da sandar jifan ƙwaron gashi, wato sandar fatsa da ake jifa da ƙugiya mai gashi mai kama da ƙwaro, ta karbon, ƙafa 9, lamba 6 (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita), gaɓa huɗu. Yayana da ke Faransa ya kawo mini ita tsaraba, da ita nake kama karfasa a tafkin Gidimuni. Ƙofar mota ta datse ta. Na jira har wani ɗan unguwarmu zai koma can na ba shi, ya kai wa yayana, shi kuma ya aika wa kamfanin, kuma abin da aka biya a duwan, wato kwastan, da ta dawo sai dai a yi shiru. Yanzu ta yi tauri, igiya ba ta miƙewa, jifa yana karkata hagu. Kamfanin ya ce gyara ya yi daidai. In mayar, ko in haƙura?

Wani daga Mirya: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi gaɓar da ta karye ba, kuma sandar duka ka aika ko guntun kawai?

Mai tambaya: Ta sama ce. Ita kaɗai na aika, duka ba za ta shiga jakar mutumin ba.

Baba mai gyara: To ɗana, matsalar ke nan. Kowace gaɓa zanen karbon ce da ake naɗewa a kan siririn ƙarfe, a gasa, a zare ƙarfen. Ko samfuri ɗaya ne, naɗin bana da na shekarun baya ba sa zama ɗaya tak, balle in sun daina yin samfurin suka ɗauko wadda ta yi kusa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke neman sandar duka, don su goge bakin sabuwar gaɓa ya zauna a kan tsohuwar. Kai ba ka ba su abin gwadawa ba.

Ka fara da awo. Harhaɗa ta ka auna tsawo, ya kamata ka samu santimita 274 ko kusa. In ta gaza da 4 ko 5, ba sabuwar gaɓa suka sa ba, yanke karyayyen suka yi suka manna zoben ƙarshe da igiya ke bi ta ciki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ta tauri. Sai mahaɗi: riƙe ta ka kaɗa a hankali. In ka ji ƙas-ƙas, bakin ya yi sako-sako, kuma shi ke sa gaɓa juyawa ana cikin jifa har zobba su kauce layi. Goge ciki da auduga, shafa kyandir kaɗan a bakin da ke shiga, saka shi a karkace kamar kwatan zagaye sannan ka murɗa zobba su daidaita. Kada ka sa mai, yashi yake kamawa ya cinye bakin.

Wani daga Birni: Baba, da girmamawa, ni ina ganin ƙashin baya ne. Kowace gaɓa tana da gefen da ya fi tauri, inda naɗin ya ƙare. Malam ka dafa ƙarshenta a kan tebur, ka ɗan lanƙwasa kana mirginawa, za ka ji inda take tsalle. In zobba ba su bi wannan layin ba, a warware zaren a sake ɗaure su. Kamfanonin nan dai garanti a baki ne, in kana Afirka kuɗin aikawa ya kusa kuɗin sanda, ba wanda ke kula da mu.

Baba mai gyara: Kada ya warware komai. Masana'antu da dama ba ƙashin baya suke bi ba, gefen da sanda ta fi miƙewa suke bi, kuma sandunansu na jifa lafiya. Da ya kankare gam ɗin zobba garanti ya tafi, kuma reza na taɓa karbon wurin zai karye nan gaba.

Wani daga Mirya: Ni igiya nake zargi. Lamba 6 nauyin mita 9 na farko giram 10.4 ne, lamba 7 kuma giram 12. In sabuwar gaɓa ta fi tauri, lamba 7 za ta lanƙwasa ta yadda ka saba. Kuma igiyar da ta kwana a zafin mota fatarta na tsagewa, ba ta zamewa a zobba. Ga iskar hunturu, ita ma tana kai jifa gefe. Mu nan ko igiyar kirki babu a kasuwa, sai zaren koma.

Mai tambaya: Igiyar lafiyarta lau, a inuwa take. Hannuna kuma bai canza ba, na san iska. Aika gaɓa ɗaya ba laifina ba ne, su suka ce ya isa.

Baba mai gyara: Ba wanda ya ce laifinka ne, awo muke nema. Ɗaure mariƙin a kan wuri mai tsayi, sanda a kwance daidai, rataya leda a zoben ƙarshe, riƙa zuba tsabar kuɗi iri ɗaya har tsinin ya sauka santimita 91, kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ke nan. Ƙirga tsabar, ɗauki hoto daga gefe. Lanƙwasar ta tafi sumul. In ta yi gwiwa a mahaɗin sama, gaɓar ba tata ba ce, kuma hoton ne hujjarka wurin kamfani. Ka juya zobba sama ka sake, in tsinin ya kauce gefe to gaɓar a karkace take.

Wani daga Birni: Ƙirgen tsaba me zai nuna tunda bai auna ta kafin ta karye ba? Sai in akwai mai irinta a Damagaram a gwada su tare.

Mai tambaya: Na auna tsawo, 273 ne. Ƙas-ƙas ɗin akwai shi kaɗan, amma kamar tun da ma haka take. Mayarwa kam ba zan iya ba sai mutumin ya sake zuwa, bayan salla ƙila. Akwai mai igiya lamba 7 da zai ara mini in gwada?