Shawarwarin da aka bayar kan amfani da AI a ƙananan hukumomi

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan shigowar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, sakatariyoyinmu. Kusan kowa ya yarda kar ma'aikaci ya zuba sunayen mutane da NIN ko BVN cikin manhajar AI irin su ChatGPT don kawai ya rubuta wasiƙa, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan ƙananan hukumomi 774 ɗin nan duka, ba Abuja kaɗai ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun tallafi, dattawan cikinmu suka ce wallahi in na'ura ce za ta tace wanda zai samu taki ko kuɗi to dole a samu jami'in da zai sa hannu, wanda talaka zai iya zuwa ofishinsa ya kai kuka, kuma ni ma nan na tsaya. An kawo misalin Rotterdam, wani birni a ƙasar Netherlands, da ta dakatar da nata tsarin na AI a 2021 saboda fargabar yana nuna wariya wajen zargin masu karɓar tallafi da zamba. Biranen Amsterdam na Netherlands da Helsinki na Finland kuwa tun 2020 suka buɗe rajista kowa ya ga ina da ina suke amfani da AI, aka ce mu ma ciyaman ya liƙa irinta a allon sanarwa, da Hausa.