Daren Kirsimeti da waƙa: kowa ya kawo nasa labarin

Mai koyar da mawaƙa, Garwa:
Salama 'yan'uwa. Hunturu ya sauka, mu kuma tun shigowar Disamba muke gwajin waƙa kullum da yamma. A majami'armu ta Lutheran a nan Kamaru sujada ɗaya sai ta ci harshe uku, Faransanci da Fulatanci da Hausa. Wa'azi sai da tafinta, amma waƙa da an ɗaga ta kowa ya kama amshi. Wane daren 24 ga Disamba ne har yau bai bar zuciyarku ba?

Wata uwa, Minawao:
Ɗana, ka taɓo mini inda yake ciwo. Mun gudo daga Gwoza a 2014, muka sauka sansanin 'yan gudun hijiran nan kusa da Mokolo a Kamaru. Kirsimetin farko ba anko, ba shinkafa, littafin waƙoƙina ma yana can gida. Mu matan Zumunta na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, muka taru ƙarƙashin rumfar leda, sanyi yana ratsa ƙashi. Wata ta ɗauko tulun ruwanta ta juye, tana bugun bakinsa da tsohon silifa. Wata ta zuba tsakuwa a gwangwani ya zama caki. Mai ba da waƙa ta fara ta haihuwar Almasihu, da ta kai inda Maryamu ta rasa masauki sai muryarta ta sarƙe. Mu muka ƙarasa mata, muna kuka muna amsawa. Wa'azin ranar ban riƙe ko kalma ɗaya ba, amma baitin nan har gobe.

Ɗan kwaya, Marwa:
Mama, Allah ya ƙara ƙarfafa ki. Mu namu 2015 ne, bayan bama-baman da suka tashi a garin nan cikin Yuli. A unguwarmu zagayen waƙa gida-gida ya tsaya, sujadar dare aka dawo da ita yamma, a bakin ƙofa kuma sai an caje kowa. Har cikin gangarmu aka leƙa. Muka rera a gaggauce don jama'a su koma gida da haske. Washegari maƙwabcinmu Musulmi da muka kai wa abincin biki ya ce, "Bana ban ji ku da dare ba, lafiya dai?"

Dattijon ikilisiya, Njamena:
'Ya'yana, ni kukana ɗaya ne. Da muna yara, mata ke ɗaga waƙa da Ngambai, a juya ta da Larabcin Chadi, dukan majami'a na amsawa, guɗa na tashi. Yanzu matasa sun kawo jita da lasifika mai tsaga kunne, jama'a sun koma 'yan kallo. Bara wuta ta ɗauke ana tsakiyar karɓar baiko a sujada, sai ga muryar tsofaffi ta fito fes. Rabon da in ji ta haka an yi shekaru.

Ɗan kwaya, Marwa:
Baba, gaskiyarka. Amma kada a ƙwace mana jitar, a dai rage ƙara.

Mai koyar da mawaƙa, Garwa:
Baba, bana waƙa biyu za mu yi ba lasifika, na yi alkawari. Mama, don Allah ki sa a ɗauki muryarku a waya a turo mini baitin nan na masauki. Matanmu suna da tulu, waƙar ce ba su sani ba.