Kemo na neman kayar da ni, dan Allah waɗanda suka bi wannan hanyar ku ba ni shawara

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina shigowa ina karanta naku ban taɓa rubutu ba sai yau, yanzu haka ƙarfe uku na dare ne bacci ya ƙi zuwa. Wata huɗu kenan da aka tabbatar min ina da kansar mama, shekarata 38, an yi min tiyata an cire nonon hagu da wasu ƙululu na hammata, yanzu ina kan kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, irin wanda ake yi duk bayan sati uku, kwana biyar kenan da na karɓi zagaye na biyu, saura biyu na wannan jan ruwan da ake ɗura min sannan likita yace za a canza min wani.

Wallahi tiyatar ba ta ba ni wahala kamar wannan ba. Kwana ukun farko ko ruwa na kurɓa sai ya dawo, ƙamshin girki daga nesa ma tayar min da zuciya yake, bakina duk ya yi gyambo ga wani ɗanɗano kamar na tsotsi ƙarfe. Gashi kuwa tun sati biyu da zagayen farko ya fara zuba, ranar da na sa kum na ga ya biyo shi a dunƙule zama na yi a ƙasa na kasa tashi. Ga kasala, ko wanka na yi sai na kwanta na huta.

Amma gaskiya ba na jikin ne ya fi cina ba. Duk wanda ya zo dubiya sai yace ki yi haƙuri, ki daure, ai ke jaruma ce, ni kuma in yi murmushi in ce da sauƙi Alhamdulillah, suna fita in shige banɗaki in sha kukana can don kar yara su gani. Babbar shekararta tara, shekaranjiya ta tambaye ni wai Mama mutuwa za ki yi? Na rasa me zan ce mata. Madubi na daina kallo. Maigidana na iya ƙoƙarinsa, ni ce nake gudunsa, ko kaya ba na canzawa a gabansa. Jiya har na ayyana a raina ba zan koma zagaye na uku ba, ga wata ta kawo min wani haɗi tace in bar na asibiti in riƙa shan wannan.

Dan Allah haka kowa yake ji ko ni ce raguwa? Yaya kuka yi da aman nan, kuma yaya kuka yi da zuciyarku?

Anti Mai Lambu ta amsa:

Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu, sannu kinji. Ina karanta rubutunki hawaye na zubo min don kamar ni ce na rubuta shi shekara shida da suka wuce. Ba ke ce raguwa ba wallahi. Wannan jan ruwan sunansa doxorubicin, ana haɗa shi da cyclophosphamide, shi ne yake mayar da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, kuma a duk abin da aka ɗura min babu wanda ya jijjiga ni kamarsa. Kin riga kin yi rabinsa.

Kuskuren da na yi a zagayen farko, ina jira sai zuciya ta fara tashi sannan in sha maganin amai, to a lokacin ya riga ya makara, maganin ma dawowa yake. Sai da aka gaya min a kan agogo ake shansa, ko kina jin garau, kwana biyu ko ukun nan na farko. Sannan na daina zama gaban kwano guda, sai loma biyu uku duk bayan awa biyu, kuma wanda ya huce ya fi shiga don mai zafi tururinsa ne yake tayar da zuciya. Ɗanɗanon ƙarfen nan ki gwada cokalin roba, ni ya rage min. Ruwa kuma kurɓi kaɗan kaɗan duk yini.

Abin da ya fi taimakona shi ne ɗan littafi da na ajiye gefen gado ina rubuta yadda na kwana kullum. Zagaye biyu kawai na gano abin yana da tsari, satin farko na kwanciya ne, na biyu na lallaɓawa, na uku kuma sai in ji na dawo mutum. Daga nan idan ina cikin mummunar ranar sai in buɗe in ga ai wancan karon ma haka na ji a kwana na huɗu kuma ya wuce. Duk abin da nake so in yi da yara sai in tara shi a sati na uku.

Gashi ni dai da na ga ya fara biyo kum na sa ƙanwata ta aske shi duka, ganinsa a kan filo kowace safiya ya fi askin ciwo. Ya dawo bayan an gama da 'yan makonni, da farko laushi kamar na jariri.

Maganar kuka kuma, ki yi abinki ƙanwata, kuka ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Ayyuba da ake buga misalin haƙuri da shi ai ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Abin da ba na so shi ne ki riƙa yinsa ke kaɗai a banɗaki. Ki zaɓi mutum ɗaya tak wanda idan ya ce ya jiki za ki iya cewa yau babu sauƙi. Masu dubiya kuma kina da damar cewa yau ba zan ga kowa ba, ba wulaƙanci ba ne. 'Yarki ki zaunar da ita ki faɗa mata sunan ciwon, ki ce maganin ne yake zubar da gashi kuma yake sa ki kwanciya, ba laifin kowa ba ne kuma ba a ɗaukarsa, ta rungume ki yadda take so. Yara idan aka ɓoye musu abin da suke sakawa a ransu ya fi gaskiyar muni.

Nas Ta Sashen Kansa ta amsa:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni nas ce, ba likitarki ba ce ni, don haka duk abin da na faɗa ki maimaita shi gaban masu duba ki.

Na farko kuma wanda ya fi komai, kin ce yau kwana biyar. Daga wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kemo ne fararen ƙwayoyin jini, sojojin jikinki kenan, suke yin ƙasa sosai. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya kai digiri 38, ko kina rawar sanyi, ko kin ji jikinki ya canza farat ɗaya, asibiti za ki tafi a lokacin ko tsakar dare ne, ba a jira safiya, kuma kina isa ki ce ina kan kemo. Kar ki sha farasitamol kafin ki auna don yana rufe zazzaɓi. Haka idan amai ya hana ki riƙe ruwa yini guda, shi ma ba na zaman gida ba ne.

Aman da kika bayyana bai kamata a bar ki da shi haka ba, magungunansa sun fi ɗaya, akwai ondansetron, dexamethasone, metoclopramide, olanzapine, aprepitant, idan haɗin farko bai yi ba ana canzawa. Matsalar ita ce da yawa idan likita ya tambaya sai su ce da sauƙi, shi kuma ya rubuta da sauƙi ya maimaita abin da ya bayar. Ki faɗa masa sau nawa kika yi amai, kwana nawa ba ki ci ba. Ondansetron yana taurara bayan gida, ki nemi abin da zai sassauta. Rashin baccin nan kuma zai iya zama dexamethasone ne, yana hana bacci yana sa zuciya rashin natsuwa, ki tambaya ko za ki riƙa shansa da safe.

Baki: burushi mai laushi, ki riƙa kuskura da ruwan gishiri da bekin soda sau da yawa a yini, ki guji ruwan wanke baki mai barasa a ciki. Idan kin ga fari fari a harshe ki nuna, yana da maganinsa daban.

Haɗin da aka kawo miki dan Allah kar ki sha sai likita ya san me ke ciki. Hanta da ƙoda su ne suke aikin fitar da kemo daga jiki, wani ganyen yana ƙara musu nauyi, wani yana rage ƙarfin maganin. Kuma kar ki yanke zuwa ke kaɗai, ki je ki ce na kusa dainawa, da wannan kalmar. Ana iya ɗaga rana, ana iya daidaita yawan maganin.

Wanda za a canza miki yawanci paclitaxel ne ko docetaxel, amansa bai kai na jan ba, nasa shi ne ciwon gaɓoɓi, canjin farce, da jin kamar ana cakar yatsun hannu da ƙafa da allura ko su mace. Da kin fara ji ki faɗa da wuri, kar ki jira sai maɓalli ya gagare ki sawa. Hannun hagu kuma tunda an cire ƙululu ki ci gaba da motsa shi yadda aka koya miki, ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna, in ya fara nauyi ko zobe ya matse ki nuna. Al'ada tana iya ɗaukewa amma hakan ba ya nufin ciki ba zai shiga ba, ki yi maganar tsarin iyali da likita.

Kasala kuma, na san zai yi miki wani iri, amma ɗan tattaki na minti goma ko sha biyar a ranakun da kika iya ya fi kwanciya yini guda rage ta.

Na ƙarshe, idan ƙuncin nan ya kai sati biyu kullum, babu abin da yake miki daɗi, ko kina jin gara ki mutu ki huta, wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa kamar yadda ake maganin amai, akwai masu ba da shawara akwai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da wannan ciwon, ki tambaya ko akwai ƙungiyar masu irin jinyar a inda ake duba ki.

Abban Yara ya amsa:

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, matata ce ta yi wannan jinyar. Baiwar Allah maganar maigidanki ce ta tsayar da ni. Lokacin da matata ta fara juya min baya tana kulle ƙofa in za ta sa kaya, ni a tunanina haushina take ji ko na gaza wani abu, sai na ja baya don kar in takura mata, ita kuma ta ɗauka ƙyamarta nake. Wata biyu muna haka gida ɗaya kowa na cin ransa. Ranar da ta buɗe baki tace tsoro take kar in ga tabon in canza, ni ma kuka na yi, don ni abin da yake hana ni bacci kar in rasa ta ne, tabo bai taɓa zuwa raina ba.

Ba zan rantse a kan kowane namiji ba, amma kin ce yana ƙoƙari. Ki faɗa masa ko a rubuce ne in bakin ya yi nauyi. Kuma ki ba shi aiki takamaimai, ya riƙe lokutan magani, ya raka ki ya rubuta abin da likita ya ce don kemo yana sa mantuwa, ya tare masu dubiya a ƙofa. Mu rashin sanin abin yi ne yake sa mu yi shiru.

Ummu Haske ta amsa:

Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni dai aski bai min ba kamar yadda ya yi wa Anti, na bar nawa ya zuba da kansa ina rufewa, kowa da yadda zuciyarsa take ɗauka. Abin da nake so ki sani tun yanzu, ni ƙuncina bai taso ba sai da aka gama komai, kemo da kuma sati uku na gashin na'ura, wato ƙona ƙwayoyin kansa da haske, kowa na murna an warke ni kuma na fashe, ko kaina ya sara sai in ce ciwon ne ya dawo. Yanzu shekarata biyu a kan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar kansar, ƙwaya ɗaya kullum, zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska gumi ya keto cikin dare. Da na je neman maganin damuwa sai da aka duba wanda ba ya karo da shi, don irin su paroxetine da fluoxetine suna rage masa aiki. In kin kai wajen ki tuna ki faɗa.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode, na gode, Allah ya saka muku da alheri, na karanta kowanne ya fi sau uku. Da safe na kira asibiti na faɗi gaskiya yadda Nas tace, har da cewa na kusa dainawa, sun ce in zo gobe za a canza min maganin amai kafin zagaye na uku kuma za su haɗa ni da mai ba da shawara. Haɗin nan na ajiye shi ban taɓa ba. Maigidan ya sayo ma'aunin zafi, na miƙa masa wayar ya karanta abin da Abban Yara ya rubuta, bai ce komai ba ya dai zauna kusa da ni ya daɗe. Tabon dai har yanzu ban nuna masa ba.

Anti, 'yar tawa nake so in zaunar yau in ta dawo makaranta. In ta sake tambayata ko mutuwa zan yi, da wane baki kika amsa wa naki?