Neman shawara: tiredin ramin fulogi ya cinye, a sa masa waya ko a canja tof?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masana inji. Don Allah ku taimaka mini da shawara. Ina cikin tafiya sai na ji wata ƙara mai ƙarfi daga gaban mota, inji ya kama fat-fat yana karkarwa. Da aka buɗe bonet, ashe fulogin silinda ta uku ne ya yi tsalle ya fito, ga alminiyam ya nannaɗe a jikin tiredinsa, wato zanen murɗin da yake shiga rami da shi. An gwada sabo, juyawa kawai yake yi, ya ƙi kamawa. Tof ɗin, wato kan injin da ake ɗaura fulogi a jikinsa, na alminiyam ne, fulogin mai milimita 14. Wani bakanike ya ce a sauke tof a nemo wani. Wani kuma ya ce akwai waya mai kama da sifirin, Heli-Coil, da ake murɗawa a ramin ta mayar da tiredi sabo. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wurin da wuta ke tashi ba dare ba rana, waya za ta iya riƙewa? Da motar nan nake neman abinci, ba na son gyaran da zai sake mayar da ni gareji.

Wani dattijon bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Yarona, kada ka yi gaggawar sauke tof. Wayar nan tana riƙewa, don wannan matsalar ma aka ƙirƙiro ta a Amurka tun shekarun 1930, saboda ramukan fulogi na injin jirgin sama. Ƙarfe ce marar tsatsa, an yi mata kusurwa ciki da waje. Kusurwar waje ta kwanta a sabon tiredin da aka yanka, ta ciki kuma ta zama tiredin da fulogi zai bi, daidai girmansa na asali. Kafin a sa ta, ta ɗan fi ramin faɗi, shi ya sa idan ta shiga take buɗewa ta kama bango gam. In an yi aikin da kyau, ya fi tiredin alminiyam ɗin ƙarko.

Mai injin gyaran ƙarfe:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ramin fulogi ni na fi yarda da bushin mai jiki ɗaya, wato ɗan bututun ƙarfe mai tiredi ciki da waje, irin Time-Sert. Fulogi abu ne da ake kwancewa a ɗaure, kuma wayar da ba ta zauna daidai ba takan biyo shi ta fito. Sannan tana da ɗan harshe a ƙasa wanda makami ke kamawa ya murɗa ta. In an gama dole a karya shi, kuma in ya faɗa cikin silinda ya isa ya karce fistin ko ya maƙale a bawul. Shi bushin yana da leɓe a sama da ke hana shi nitsewa, makamin sa shi kuma yana buɗa ƙasansa ya kulle. A bolti na kaba ko na giyabos, waya ta wadatar.

Ko wanne ka zaɓa, a auna tsawon tiredin fulogin. Akwai mai milimita 12.7, akwai mai 19. In abin da aka sa ya leƙa cikin ɗakin wuta, bakinsa zai yi jajir ya riƙa kunna fetur kafin lokaci.

Wani ɗan'uwa:
Ba za a iya shafa gam ɗin ƙarfe a ɗaure shi haka ba?

Mai injin gyaran ƙarfe:
A'a, Malam. Zafi da matsin wurin sun fi ƙarfin gam, fulogin zai sake tashi.

Mai gyaran injin janareto:
Ni abin da zan ƙara, aikin duk yana hannun mai yanka tiredin. Taf na musamman, wato ƙarfen yanka tiredi, ake amfani da shi, wanda ke zuwa cikin kit ɗin wayar ko bushin, ba taf na M14 da kowa ke da shi ba. A bar inji ya huce sarai. A juya shi har bawul biyun su rufe, fistin kuma ya yi ƙasa yadda taf ba zai taɓa shi ba. A cika kwaroron taf da giris, a murɗa kaɗan, a fito da shi a goge, za ka ga ɓarɓashin alminiyam ya manne a giris ɗin yana ƙyalli, a sake shafawa a koma. A hankali, kuma a miƙe sak. In ya karkace ko kaɗan, wushar fulogi ba za ta zauna ba, iska za ta riƙa fita. Bayan an gama a busa ramin da iskar kwamfiresa sosai. In waya aka sa, a kama harshen da filaya mai dogon baki a karya shi a fito da shi, ka gan shi da idonka.

Amma a haska ramin tukuna. In akwai tsagewa da ta nufi mazaunin bawul, ba waya ba bushin, sai an sauke tof.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An haska, babu tsagewa. Zan nemi mai kayan bushin. Baba, me ke jawo wannan, don kada sauran ukun su bi sahu?

Dattijon bakanike:
Yawanci ɗaurin ganganci ne, ko a fara murɗa shi a karkace, ko a kwance shi inji na da zafi. Wanda aka bari sako-sako ma haka, yana girgiza yana cin tiredi har ya tashi. Kullum a fara sa shi da hannu, ya tafi sumul, sannan a kawo sifana. Fulogi mai milimita 14 mai wusha a kan alminiyam, awon ɗaurinsa wajen Nm 25 zuwa 30 ne, amma ka duba abin da littafin motarka ya ce, a ɗaure da sifana mai awo. Kuma tunda za a buɗe wurin, a kwance sauran ukun a duba tiredinsu a rana ɗaya.