Ina so in fara yi wa motata ƙananan gyara a gida, da me zan fara?

Mai Corolla: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen masu sani. Corolla ce da ni 2006 otomatik, to tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai na mota ya tashi har kuɗin aiki, ni kuma ina da 'yar rumfar kwano a cikin gida mai daɓen siminti inda nake ajiye ta. Satin da ya wuce na kai ta gareji juyen mai kawai na wuni cur a can, yaron da aka bar wa aikin ya ɗaure notin ƙasan inji da ƙarfin tsiya, washegari da safe na tarar da tabon baƙin mai a ƙasa faɗin faifai, wallahi raina ya ɓaci. Shi ne na ce bari in fara koyon ƙananan abubuwa da hannuna. Waɗanne kayan aiki zan fara saya?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana kafin ka sayi sifana ko ɗaya, sayi abin da zai riƙe maka motar. Wannan jak ɗin da ke cikin but na canjin taya ne a kan hanya, ba a shiga ƙarƙashin mota da shi. Ka nemi ƙafar ƙarfe guda biyu wadda ake tokare mota da ita bayan an ɗaga, ka ja birkin hannu ka sa giya a P ka tokare tayoyin baya da katako. Bulo kuwa na hana ka. Ina gareji wata rana aka ɗora mota a kan bulon siminti biyu, wani yaronmu yana ƙasa yana kwance salansa, ba mu ji komai ba sai ƙas, bulon ya dagargaje lokaci ɗaya motar ta sauko masa a kafaɗa. Allah Ya yi da sauran kwana tayar da aka cire tana kwance a ƙarƙashi ita ta tare, amma har yau hannun nan ba ya ɗaguwa sosai. Tun ranar duk tayar da na cire ƙarƙashin mota nake tura ta.

Mai Corolla: Subhanallah. Allah Ya ƙara masa lafiya. Baba na ji, kuma da bulon na yi niyya wallahi

Tsohon bakanike: Amin. To kayan aiki, Toyota ba ta da wahala, sifana lamba 10 da 12 da 14 da 17 su ne rabin motar. Kan batir 10 ne, notin juyen mai 14, notin taya 21, fulogi kuma soket 16 mai tsawo. Ka haɗa da filaya da sukudireba mai baki biyu da tsohon baho na tarar mai. Idan Kano kake ka shiga Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, ka nemi tsofaffin sifanun Beljiyam ko da sun ɗan yi tsatsa, sun fi sababbin nan masu ƙyalli da ke buɗe baki su cinye kan noti. Maganar yoyon kuma kwance notin ka duba zarensa, sau da yawa zoben da ke jikinsa ne ya mutu ba a canza ba, sai ka sayi sabon noti da zobe. In zaren kaskon mai na ƙasan inji ne ya cinye to wannan kai wa mai gyara, kada ka cusa masa leda ko zare.

Malami daga Zariya: Mai Corolla, ni ma irin motarka gare ni, shekara uku ke nan ni ke yi mata juye. Ka tada ta kamar minti biyar mai ya yi ɗumi ba zafi ba, sai ka kashe ka kwance. Tana shan kusan lita 4, amma kada ka juye galan gaba ɗaya, zuba ka jira ka ja geji ka duba. Filta ka shafa wa robarta ɗan sabon mai ka ɗaure da hannu kawai, kuma ka tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin inji ba don in suka haɗu biyu mai zai tsiyaye duka kana tadawa. Lambar mai tana rubuce a kan murfi, 5W-30.

Mai Golf 3: Malam 5W-30 a zafin Arewa? ai kamar ruwa yake, mu dai 20W-50 muka sani tun tasowarmu

Malami daga Zariya: Ɗan'uwa wannan na su 504 ne da tsofaffin injina da suka buɗe. Injin Corollar nan yana da VVT-i, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin mai yake aiki ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi, mai kauri ba ya saurin isa can da safe. Ni abin da ya fi damuna ma jabu, ka saya a babban shago ko gidan mai da ka yarda da shi ka duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba.

Sai abu na biyu da zan ba ka shawara, ɗan na'urar nan ta duba mota, ELM327, ƙarama ce kamar kwalin ashana. Akwai wata kafa mai baki 16 a ƙasan sitiyari, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da ita, ka soka ka haɗa da wayarka ta Bluetooth ka buɗe manhajar Torque. In wutar inji ta kama sai ta ba ka lamba. P0301 silinda ta ɗaya ce ba ta kamawa daidai, P0171 iska ta yi wa mai yawa. Tawa ta taɓa rawa a sulo, aka ce min sai an sauke kan inji, na dawo gida na soka ta nuna P0302, na musanya kwayil na biyu da na uku lambar ta koma P0303, ka ga ke nan kwayil ɗaya ne ya mutu. Noti ɗaya lamba 10 ke riƙe da shi.

Mai Corolla: Allahu akbar, wannan dabarar musanyawar ta burge ni Malam

Mai Golf 3: Tunda an zo nan, ni shawarata ka cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafi, ka sa a yi maka fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa, na Turai ne masu ƙanƙara, mu nan watan Afrilu kwalta ma narkewa take

Mai wayarin: A'a Oga don Allah kar ka koya masa wannan. Sana'ata ce wayarin, kuma rabin motocin da ake kawo min fanka ta ƙone ko fiyus ya narke daga dairek ɗin nan ne. Tamostat ɗin Toyota a wajen digiri 82 yake fara buɗewa, wato ko a Maiduguri kake injin ya fi garin zafi nesa ba kusa ba, haka aka gina shi ya yi aiki. In ka cire, da safe musamman lokacin hunturu injin ya daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwaƙwalwar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai, kai kuma kana kukan mota na shan fetur. Fanka kuma an yi ta ne ta kama ta saki, ba ta yi ta gudu daga Kano har Abuja ba. Motar da ke tafasa akwai abin da ke damunta, ko lagireto ya toshe ko murfinsa ya saki ko famfon ruwa ko yoyo, shi za a nema.

Tsohon bakanike: Gaskiya ya faɗa. Mu ma mun cire da yawa a zamanin kafireta, abin da muka tarar ke nan a wajen iyayen gidanmu, amma motar yanzu daban ce. Kuma ruwan rijiya da na burtsatse da kuke ɗurawa shi ke cin lagireto, ka buɗe ka ga ja kamar kunun kanwa. A sa ruwan lagireto na galan. Kada wanda ya buɗe murfin nan inji na da zafi, fuska yake nema.

Mai Golf 3: To Baba tunda ku kuka faɗa na karɓa, amma tawa shekara biyar ba tamostat kuma tana tafiya

Mai wayarin: Tana tafiya mana Oga, mayar da shi ka auna man da take sha wata ɗaya sai mu yi magana

Hajiya mai Sienna: Sannunku da ƙoƙari. Ni ban shiga ƙarƙashin mota, amma abu biyu nake yi da kaina tun da maigidan ya koma aiki nesa. Filtar iska, da ƙurar hunturu ta fara nake buɗewa duk sati biyu in kakkaɓe, in na ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba sai in canza. Sai taya, na sayi ɗan gejin iska nawa don masu faci sai su ɗura maka har ta yi tauri kamar dutse, alhali adadin yana rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba. Kuma in za ku sayi taya ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2319 sati na 23 ne a 2019, an sha kawo min mai sheƙi ashe ta tsufa a ajiye.

Mai Corolla: Na gode Hajiya Allah Ya saka da alheri. To maganar ƙarin kwalliya fa, ina son sa fitilar LED da allon Android mai kyamarar ribas

Mai wayarin: Allon za ka iya, na Corolla yana zuwa da firam ɗinsa da soket, ka nace a ba ka wanda ba sai an yanke waya ba. Cire kan batir na negatif tukuna. Duk wayar da ka ja daga batir sa mata fiyus kusa da batir ɗin, kuma in fiyus 10 ya ƙone 10 za ka mayar, ba 30 ba, ba wayar kwafa ba. LED kuwa bayan ka sa ka tsaya gaban bango da dare ka saita ta ƙasa, makantar da na gaba da ake yi a hanya ya yi yawa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, mu nan Nijar ma muna biye. Takalmin birki na gaba yana da sauƙi amma bayan ka ɗaura ka taka birki sau da dama har ya yi tauri kafin ka motsa, in ba haka ba takun farko ƙasa zai tafi. Man birki DOT 3, kar ya taɓa fenti. Tukunyar gas ta CNG da kuke sawa a Najeriya kuwa wannan ba aikin gida ba ne, matsinta ya kai bar 200 a ma'aunin matsi.

Mai Corolla: Jama'a na dawo da rahoto. Yau Asabar bayan sallar asuba na yi juyen, awa biyu ya ɗauke ni saboda filtar ta ƙi kwancewa sai da na naɗa mata tsohon bel na murɗa. Baba zoben ne kamar yadda kuka ce, ya baje kamar an taka kwabo, zaren kasko lafiya lau. Na shimfiɗa kwali a ƙasa tun safe har yanzu la'asar ko ɗigo babu. Tsohon man na cika jarka da shi, ina zan kai?

Tsohon bakanike: Madalla ɗana. Kada ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, toshe jarkar ka kai gareji akwai masu zuwa saye. Rubuta lambar kilomita da kwanan wata ka manna a jikin ƙofa, gobe da safe kafin ka tada ka sake jan geji.