Sana'ar mutum uku, fom na mutum ɗaya

Yaya Babba: Jama'a ku zo ku raba mu. Auta na cike fom ɗin Common App na neman shiga jami'o'in Amurka. Kun san kunun aya da zoɓon da suke yi ita da ƙawayenta biyu tun suna SS2, suna kai wa shaguna a Kawo da Unguwar Rimi. Kawu ya ce ta rubuta ita kaɗai ta kafa sana'ar. Ni ban yarda ba.

Kawu: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Gurbin bayanin kowane aikin da ɗalibi ya yi bayan karatu harafi 150 ne kacal. Ina wurin jero ƙawaye? Jami'o'in nan jagora suke nema. Kuma wa zai taso daga Boston ya zo Kawo bincike?

Goggo: Haba Alhaji! Firizar ta gidan su ɗaya yarinyar ce, uwarta ke biyan kuɗin wuta. Ta ukun ita ke sammakon kai aya inji. Hakkin mutane ne fa.

Anti Malama: Ba sai kowa ya taso ba, Kawu. Wasiƙar shaida daga hannun malami take tafiya kai tsaye, yawanci ɗalibi ma ba ya ganin ta. Malamin da zai rubuta wa Auta ya san su ukun, shi ke sayen zoɓonsu. Ya ce su uku ne, ita ta ce ita kaɗai, wa za a gaskata? Sannan kafin ta tura sai ta sa hannu cewa duk abin da ta rubuta gaskiya ne, kuma jami'a na iya janye gurbin da ta bayar in ta gano ƙarya. Ga shi ita da ɗaya ƙawar tata duk suna neman tallafin Mastercard Foundation a jami'ar Ashesi ta Gana. Labari ɗaya, tebur ɗaya, kowa na cewa nasa ne?

Ƙaramin Yaya: Allah Ya yi wa JAMB albarka, maki kawai ta sani, ba ruwanta da kunun kowa.

Kawu: To naji. Amma kun san yaranmu da kunya. Ka bar ta, za ta cika shafi da "mun yi, mun yi", a gama karantawa ba a san me ta taɓuka ba. Ɗan wani wuri kuwa ko ruwa ya raba a taro sai ya kira kansa shugaba.

Anti Malama: Nan kam kana da gaskiya, kuma a nan aka fi faɗuwa. Auta, me kika yi da hannunki?

Auta: Anti, ni ke riƙe da littafin bashi. Da farko mukan yi da yawa mu zuba wa masu shago, in wuta ta ɗauke kunun ya yi tsami su dawo mana da robobin sun kumbura, asarar tamu. Ni na ce mu daina. Kowa ya turo odarsa ta WhatsApp da dare, ya biya rabi, iya abin da aka nema za mu dama. Masu shago biyu sun yi fushi sun bar mu, amma daga nan muka fara ganin riba.

Anti Malama: Alhamdulillahi, ga abin rubutawa! A gurbin muƙami, mai harafi 50, ki sa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa, mai kula da kuɗi. A na 150 ki faɗi adadin shagunan da yadda kika tsayar da asarar. Fushin masu shagon kuma ki kai shi babban rubutun da ɗalibi ke ba da labarin kansa, can kina da kalma 650.

Kawu: To ta sa jimillar cinikin gaba ɗaya, adadin zai fi cika ido.

Yaya Babba: Ta sa, amma ta ce ciniki ne na su uku, kada a ɗauka riba ce.

Goggo: Kuma ta nuna wa ƙawayen kafin ta tura, kowacce ta ɗauki ɓangarenta.

Kawu: Ni dai har yanzu ina ganin kun rage mata ƙarfi. Auta, yaushe za a rufe?

Auta: 1 ga Nuwamba, Kawu. Malamin ma bai fara wasiƙar ba.