An yi min tiyata a haihuwar fari, ina ya kamata in haihu yanzu?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman ma'aikatan jinya da masu karɓar haihuwa. Shawara nake nema.

Haihuwata ta fari tiyata aka yi min. Naƙuda ta yi tsawo, kan yaro ya ƙi saukowa, na zubar da jini har sai da aka ƙara min. Yanzu ya shekara uku, ga ni da ciki wata bakwai, kuma an kasa daidaitawa a gida kan inda zan haihu.

Ina awo a ƙaramin asibitin unguwarmu, da ƙafa nake zuwa, sun san ni. Amma ba su da ɗakin tiyata, ba sa ajiye jini. Wadda take duba ni ta ce mai ɗinki a mahaifa, idan naƙuda ta tsananta ɗinkin yana iya farkewa, a lokacin kuwa babu damar tsayawa neman mota. Ta ce in koma babban asibiti.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana ganin da zarar na je can wuƙa za a sake sa min. Tausayina take ji, na sani. Shi kuma kuɗi ne da nisa suke damunsa, don a bayan gari muke.

Tsakanin Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, wanne zai karɓi mai sauya wurin awo a wata na bakwai? Akwai wadda aka bari ta haihu da kanta bayan tiyata? Shin tun yanzu ake kai masu ba da jini? Kuma da wane lafazi zan fahimtar da Hajiya ba tare da ranta ya ɓaci ba?